Labarin Leonard Cheshire, Shugaban Jiragen Bom Wanda Ya Ƙare Da Jinyar Marasa Galihu

A cikin mayaƙan sama na Ingila waɗanda suka yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, watau Yaƙin Hitila, da wuya a sami wanda ya kai Leonard Cheshire. Sau 100 yana ɗaukar jirgi ya tafi ƙasar abokan gaba ya komo da ransa, alhali kuwa da yawa daga cikin tsararrakinsa ba su cika tafiya 30 ba ajali ya riske su. Ya shugabanci runduna ta 76 da runduna ta 617, ya kuma sami lambar jaruntaka wadda ta fi kowace daraja a ƙasarsu. Amma abin da mutanensa suka fi tunawa da shi, shi ne irin zaman da ya yi da makanikai, watau fitoci da masu ɗora bom da sauran ma'aikatan ƙasa, waɗanda ba su tashi sama, ba a kuma buga sunayensu cikin jarida. Wanda ya fahimci wannan zama, ba zai yi mamakin abin da mutumin ya koma yi bayan yaƙi ba.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Geoffrey Leonard Cheshire ran 7 ga Satumba, 1917, a birnin Chester, amma kusa da Oksfod ya girma, gama ubansa babban malamin shari'a ne a jami'ar garin, lauyoyi kuwa sun daɗe suna karanta littattafansa har a ƙasashen da Ingila ta mulka. Yaron ya yi makarantar Stowe. A 1936 aka aika da shi Jamus, ya zauna a Potsdam gidan wani tsohon hafsan jiragen ruwa don ya koyi harshensu. A can ya halarci wani taro na Hitila, jama'a duka suka ɗaga hannu suna gaisuwa irin tasu, shi kuwa ya ƙi ɗagawa.

Da ya komo ya shiga kwalejin Merton ta Oksfod yana karatun shari'a. Ba a san shi da ƙwazon karatu ba. Abin da aka san shi da shi, gudu da mota, da cin bashi, da son a yi maganarsa. Ya taɓa yin fare da abokansa a kan zai kai Faris da 'yan kwabbai kaɗan a aljihu, ya kuwa kai. Abu guda da ya riƙe da gaske shi ne koyon tuƙin jirgin sama cikin ƙungiyar 'yan jami'a. Ya gama karatu a 1939, a shekarar nan kuwa yaƙi ya tashi.

Malaminsa Na Farko

A watan Yuni na 1940 aka tura shi runduna ta 102 a Driffield, wadda ke da jirage masu suna Whitley, masu inji biyu, masu nauyin jiki. Aka haɗa shi da wani matuƙi mutumin Niyu Zilan, sunansa Hugh Long, don ya zama mataimakinsa. Long bai raga masa ba ko kaɗan. Yakan ɗaure masa idanu ya zaunar da shi a mazaunin matuƙi, ya sa shi laluben kowane maɓalli da kowane mariƙi har ya san su cikin duhu. Ya sa shi ya koyi aikin mai duba hanya, da na mai buga waya, da na 'yan bindiga. Sa'an nan ya tilasta masa zuwa wurin makanikai kullum, ya tsaya kansu suna kwance inji, ya san sunan kowa da damuwar kowa, domin ran matuƙi yana hannun mutumin da ya ɗaure noti. An kashe Long a watan Maris na 1941, amma har ƙarshen ransa Cheshire yana ganin wannan horo ne ya raya shi.

Amfanin horon bai daɗe ba ya bayyana. Daren 12 ga Nuwamba, 1940, Cheshire ya riga ya zama shugaban jirgi, aka aike su su buga matatar mai ta Wesseling. Girgije ya rufe wurin, sai ya juya kan tashar jirgin ƙasa ta birnin Kolon. Harsashin igwa ya fashe dab da jirgin, ya kunna wata fitilar haska ƙasa da ke ciki, ta tsage gefen jirgin wajen ƙafa 10, wuta ta kama, mai buga waya ya ƙone ƙwarai. Mutanensa suka kashe wutar, shi kuwa ya daidaita jirgin, ya zuba bama-bamansa, ya lallaɓo da shi har Ingila iska tana shiga ta ɓarakar. Saboda wannan aka ba shi lambar yabo ta farko.

Yadda Aikin Makanikai Ya Ke

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda aikin ke tafiya a ƙasa, don ya gane abin da Cheshire ya gani. Babban jirgin bom, kamar Halifax ko Lancaster, inji huɗu gare shi, mutum 7 ke shiga cikinsa. Amma kafin mutum 7 ɗin nan su tashi, hannuwa masu yawa sun taɓa shi. Akwai fitocin inji, masu duba fulogi da bututun mai da farfela. Akwai fitocin gangar jiki, masu duba fikafikai da wutsiya da taya da birki, su kuma ke yin facin hujin da harsashi ya yi. Akwai masu lantarki, da masu gyaran agogunan gaban matuƙi, da masu rediyo. Akwai kuma masu makamai, waɗanda ke jera harsasai cikin bindigogi, su sa wa bom kunamarsa, su jawo shi bisa amalanke, su ɗaga shi cikin cikin jirgi da na'urar murɗawa. Wani babban saje ne ke kan su duka. Mata sojoji kuma suna cikin aikin, suna tuƙa tarakta mai jan bom, suna naɗe laimar saukowa.

Ba a tara jirage wuri guda, don kada bom ɗaya na abokan gaba ya cinye su. Kowane jirgi yana da dandalinsa na siminti can bakin fili, wani ma ya fi mil guda daga bariki, sai da keke a ke zuwa. A nan makanikai ke wuni a fili, bisa tsani, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, da sifana a hannun da sanyi ya ƙage, gama sai gyara ya yi girma a ke kai jirgi cikin rumfa. Sukan haɗa 'yar bukka da katakon akwatuna su hura wuta ciki. Kowane jirgi yana da takarda mai lamba 700, wadda kowane mai sana'a zai sa hannu a kai cewa ya duba sashensa, sa'an nan matuƙi ya sa nasa hannu ya karɓi jirgin. Ba a gaya wa makanikai inda za a tafi, amma daga yawan fetur su ke ganewa. Kadan aka ce a cika Lancaster maƙil, watau galan 2,154, to, sun san tafiyar mai nisa ce.

Da jirage sun tashi da magariba, aikinsu ya koma jira. Da asuba sai su fito suna kasa kunne, suna ƙidayar masu saukowa. Wani dandali jirginsa ya komo, wani kuwa rana ta fito yana nan fayau, sai tabon mai a kan siminti. Mutanen wannan dandali ba su da hanyar sanin ko igwa ce ta harbo shi, ko kuwa wani abu ne da suka manta ba su ɗaure ba. Kwana kaɗan a kawo musu sabon jirgi da sababbin samari. Albashinsu bai kai na masu tashi ba, lambar yabo kuwa ba safai ta ke isa gare su ba, ga shi kuma wani lokaci bom yakan fashe wurin ɗorawa ya hallaka su.

Runduna Ta 76

A farkon 1941 Cheshire ya koma runduna ta 35, wadda ta fara karɓar jiragen Halifax. A shekarar nan ya je Amurka, ya auri wata 'yar wasan kwaikwayo, Constance Binney, auren da bai ɗore ba. A watan Agusta kuma aka harbo ƙanensa Christopher a kan Balin, Jamusawa suka tsare shi har ƙarshen yaƙi. Bayan haka aka sa Cheshire koyar da matuƙa, amma ya shiga cikin jirage 1,000 da suka buga Kolon daren 30 ga Mayu, 1942.

A watan Agusta na 1942 aka ba shi shugabancin runduna ta 76. Ya tarar da ita jikinta ya yi sanyi saboda yawan hasara. Dalili kuwa, Halifax na lokacin ya yi nauyi, ba ya iya hawa sama kamar Lancaster, saboda haka shi igwa ke fara samu. Cheshire ya zauna da injiniyoyi da makanikai, suka bi jirgin gaba da baya suna neman abin da za a rage. Ya nemi izini aka cire murfin ƙarfe da ke kan salansa, da ɗakin bindiga na gaba da na tsakiyar baya, da sauran kaya masu nauyi. Makanikai suka yi ta aikin dare da rana, jiragen suka sami sauƙi, suka ƙara hawa da gudu, hasara ta ragu. Akwai kuma wani aibi a wutsiyar Halifax: kadan matuƙi ya yi kwana mai tsanani don kauce wa harbi, sai abin juyawa na wutsiya ya ƙage, jirgin ya yi ƙasa da ka. Cheshire yana cikin waɗanda suka matsa a bincika, a ƙarshe kuwa masu ƙera jirgin suka sāke fasalin wutsiyar suka faɗaɗa ta.

Ya haddace sunan kowa a sansanin, tun daga hafsa har mai dafa abinci. Yakan bi dandali dandali da sassafe ko da tsakad dare, ya tsuguna da makanikai cikin bukkarsu, ya miƙa musu taba, su yi hira a kan inji da iyali. Ya kafa musu ƙungiya tasu, wadda cikin raha aka sa wa sunan ƙungiyar masu gyaran famfo, takenta kuwa yana nufin matuƙa ke lanƙwasawa su kuma suna miƙewa. Ya riƙa sa a gaya musu abin da jirginsu ya aikata bayan kowace tafiya, don su san guminsu inda ya tafi. Wajen masu tashi kuma, ko da ya ke ba a tilasta wa kwamanda yawan fita ba, ya zaɓi tafiye-tafiye masu wuya, yakan kuma shiga jirgin sababbin zuwa don ya kwantar musu da hankali.

A watan Maris na 1943 aka ƙara masa girma zuwa muƙamin da ya yi daidai da kanar a sojan ƙasa, yana da shekara 25, babu mai ƙarancin shekarunsa a wannan daraja cikin mayaƙan saman Ingila. Aka ba shi sansanin horo na Marston Moor. Aikin ofis bai karɓe shi ba, ya yi ta roƙo a mai da shi fagen fama.

Runduna Ta 617

An kafa runduna ta 617 a Scampton a watan Maris na 1943, ƙarƙashin Guy Gibson, domin aiki guda: fasa madatsun ruwa na Jamus da wani bom mai tsalle bisa ruwa, wanda injiniya Barnes Wallis ya ƙago. Daren 16 ga Mayu jirage 19 suka tashi, suka fasa madatsar Möhne da ta Eder, amma 8 ba su komo ba, mutum 53 suka mutu. Ruwan da ya ɓalle ya ci fiye da mutum 1,200, da yawansu bayin aiki ne da Jamusawa suka kwaso daga ƙasashen gabas. A watan Satumba rundunar ta sāke fita kan magudanar jiragen ruwa ta Dortmund-Ems, jirage 8 suka tafi, 5 suka hallaka, har da sabon kwamandanta George Holden. Rundunar ta kusa mutuwa. A wannan hali ne Ralph Cochrane, babban hafsan da ke kanta, ya nemi Cheshire, da sharaɗin ya sauko daraja guda. Ya yarda nan take, ya karɓi aiki a watan Nuwamba na 1943, a watan Janairu kuma suka ƙaura zuwa Woodhall Spa.

Matsalar da ke gabansu ita ce saiti. Suna da na'urar auna bom mai kyau, amma da dare mai saiti ba ya ganin ƙasa, sai wutar alama da a ke jefawa tun da fari, ita kuwa daga can sama a ke jefa ta, iska ta kwashe ta. Cheshire da mataimakinsa Harold Martin, mutumin Ostareliya, suka ga mafita ita ce mai jefa alama ya sauko ƙasa ƙasa, ya ajiye ta bisa rufin ginin da a ke nufi. Aka gwada wannan daren 8 ga Fabrairu, 1944, a kan masana'antar injin jirgin sama ta Gnome-Rhône a Limoges, ƙasar Faransa. Ma'aikatan dare Faransawa ne, galibinsu mata. Sai Cheshire ya ratsa kan rufin sau uku da Lancaster, ƙasa ƙasa, don ƙarar ta kore su. Da suka watse ya zuba alama, sauran jirage suka rushe masana'antar, garin kuwa ya tsira.

Lancaster ya yi girma ga wannan aiki, saboda haka aka ba su ƙananan jirage masu gudu, masu suna Mosquito, waɗanda da katako aka ƙera su. Wannan ya ƙara wa makanikai ɗawainiya, gama sai da suka koyi gyaran jirgi iri biyu a lokaci guda. Daren 24 ga Afrilu Cheshire ya jagoranci Mosquito 4 zuwa Munik, fetur ɗinsu da ƙyar zai kai su ya komo da su. Ya sunkuyo cikin hasken fitilu da ruwan harsashi har zuwa ƙafa 700, ya ajiye alama, ya ci gaba da kewaya birnin yana ba da umurni ta rediyo. Tsakiyar Munik ta ƙone ƙwarai a daren nan. Daren 5 ga Yuni kuma, jajiberin saukar sojojin ƙawance a Normandi, rundunar ta kwana tana kai da kawowa bisa teku tana zubar da yankakkun takardun gorar ruwa, bisa lissafin daƙiƙa, har na'urorin hango jirage na Jamus suka ɗauka ayarin jiragen ruwa ne ke nufo wani gaɓa dabam.

Kwana uku bayan haka suka fara amfani da sabon bom na Wallis mai suna Tallboy, nauyinsa laba 12,000, tsawonsa ƙafa 21, wanda ke nutsewa cikin ƙasa kafin ya fashe. Sai da aka sāke ƙofofin cikin jirage don ya shiga, masu makamai kuwa sukan sha wuya kafin su ɗaga guda ɗaya. Da shi aka toshe hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ƙarƙashin tudu a Saumur, aka tare sojojin Jamus masu tankoki da ke hanzarin zuwa Normandi.

Abin da ya faru ran 25 ga Yuni shi ya fi nuna amanar da ke tsakaninsa da makanikansa. Amurkawa sun ba shi kyautar jirgi mai inji ɗaya, Mustang, ya iso cikin akwatuna, ga kuma umurni a buga wani ginin Jamusawa na bom mai tashi da kansa a Siracourt a ranar nan. Makanikan ba su taɓa haɗa irinsa ba, shi kuma bai taɓa tuƙa irinsa ba. Suka duƙufa a kansa tun da safe, suka ɗaura fikafikai, suka haɗa bututu da wayoyi, suka rataya alamun hayaƙi. Sauran jirage suka riga suka tashi kafin a gama. Babu lokacin gwaji. Cheshire ya shiga, ya tashi shi kaɗai ba mai duba masa hanya, taswira bisa gwiwarsa, ya cim musu, ya ajiye alama, ya komo ya sauka cikin duhu lafiya.

Ran 6 ga Yuli ya jagoranci bugun Mimoyecques, inda Jamusawa ke haƙa ramin manyan igwogi da nufin harbin Landan. Wannan ita ce tafiyarsa ta 100, Cochrane ya hana shi sāke fita. A watan Satumba aka ba shi lambar Victoria Cross, saboda jimirin shekara huɗu.

Nagasaki

Aka tura shi Indiya, daga can kuma Amurka. A 1945 gwamnatin Ingila ta zaɓe shi tare da masanin kimiyya William Penney su zama shaidunta wurin jefa bom ɗin nukiliya. Ran 9 ga Agusta suna cikin wani jirgin Amurka mai ɗaukar hoto, suka hango wutar da ta tashi a kan Nagasaki da hayaƙin da ya tokare sama. Mutum wajen 70,000 suka mutu a birnin kafin ƙarshen shekara, Japan kuwa ta miƙa wuya cikin mako guda.

Lissafin yaƙin sama ba mai daɗin ji ba ne. Cikin mutum wajen 125,000 da suka yi aiki cikin jiragen bom na Ingila, 55,573 sun mutu. A Jamus kuwa bama-baman ƙawance sun kashe fiye da mutum 350,000, galibinsu farar hula, mata da yara da tsofaffi. Cheshire bai taɓa nesanta kansa da aikin ba. Har ya tsufa yana kan ra'ayin cewa mulkin Hitila mugunta ce da ba ta kawuwa sai da ƙarfi, bom ɗin Japan kuma ya gajarta yaƙi. Mutane da yawa sun yi jayayya da shi a kan haka, a Ingila da Japan, jayayyar kuwa ba ta ƙare da mutuwarsa ba.

Gidan Le Court

Ya bar soja a farkon 1946, ba ya da sana'a sai yaƙi. Ya tara tsofaffin sojoji da iyalansu da nufin su yi zaman gandu, su noma tare su ci tare, da fari a Gumley Hall, daga baya a wani ƙaton tsohon gida mai suna Le Court a lardin Hampshire, wanda ya saya daga wata gwaggonsa. Shirin ya watse, jama'a suka tafi, aka bar shi da bashi da gida kango.

A watan Mayu na 1948 aka aiko masa daga wani asibiti na kusa cewa wani dattijo, Arthur Dykes, tsohon soja wanda ya taɓa zama cikin gandun nan, yana kwance da ciwon sankara, likitoci sun sallama, asibiti kuwa yana bukatar gadon. Cheshire ya nema masa wuri ko'ina bai samu ba, sai ya ɗauko shi zuwa Le Court. Ya aro gado, ya sa aka koya masa yadda a ke yi wa majinyaci wanka, da juya shi, da sāke shimfiɗa yana kwance, da kwashe bayan gida. Mutumin da dā makanikai da yawa ke kwana a tsaye don jirginsa, shi ne yanzu ke kwana a tsaye don numfashin tsoho guda. Dykes ya rasu a watan Agusta. Hirar da suka riƙa yi da dare a kan addini ta kama zuciyar Cheshire, har ya shiga ɗariƙar Katolika a ƙarshen shekarar.

Kafin Dykes ya rasu an riga an kawo wata tsohuwa mai shekara fiye da 90, wadda ba ta iya tashi. Sai labari ya bazu, aka yi ta kawo guragu da masu tarin fuka da waɗanda asibitoci suka sallama, har gidan ya cika. Tsarinsa shi ne wurin ya zama gida, masu ɗan ƙarfi su taimaki marasa ƙarfi, kowa ya sami abin yi, kowa a kira shi da sunansa. A 1951 ya buɗe gida na biyu a Cornwall, cikin ginin wani tsohon filin jirgin sama. A 1952 tarin fuka ya kama shi kansa, ya yi wajen shekara biyu a asibitin Midhurst, aka yi masa fiɗa a huhu. Kwanciyar nan ta koya masa sakin ragama: kowane gida ya sami kwamitin mutanen garin da za su riƙe shi, su nemi kuɗinsa.

Da wannan tsari gidajen suka ƙetare teku. A ƙarshen 1955 ya sauka Bombay ta Indiya da ɗan guzuri kaɗan, aka fara gida a can. Ran 5 ga Afrilu, 1959, ya auri Sue Ryder, wadda ita ma ta ba da ranta ga taimakon waɗanda suka tsira daga sansanonin azaba na Hitila. Tare suka kafa wata cibiya mai suna Raphael a Dehra Dun domin kutare da masu tarin fuka da naƙasassu. Suka haifi 'ya'ya biyu, suka zauna a ƙauyen Cavendish. Tun wajen samun mulkin kai aka buɗe gida mai sunansa a Ibadan, daga baya a Ikko, haka kuma a Kumasi da Hartum. Sa'ad da ya rasu gidajen sun haura 250, a ƙasashe kusan 50.

Ƙarshensa

Runduna ta 617 ta ci gaba bayan tashinsa. Ran 12 ga Nuwamba, 1944, ƙarƙashin Willie Tait, ita da runduna ta 9 suka kifar da ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Jamus, Tirpitz, kusa da Tromsø ta ƙasar Norwe. Jiragen ba za su kai can ba sai da makanikai suka sāke musu injuna masu ƙarfi, suka cire ɗakin bindiga na tsakiya, suka cusa ƙarin tankunan fetur cikinsu. Ran 14 ga Maris, 1945, ta jefa bom mai laba 22,000 a kan gadar jirgin ƙasa ta Bielefeld. Bayan yaƙi ta riƙe jiragen Canberra, da Vulcan, da Tornado, a 2018 kuma aka sāke kafa ta da jiragen F-35.

Shi kuwa Cheshire, Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Order of Merit a 1981. A 1991 aka shigar da shi majalisar dattawan Ingila, da aka nemi ya zaɓi sunan wurin da za a haɗa da sarautarsa, sai ya zaɓi Woodhall, inda rundunarsa ta zauna. Ba da daɗewa ba ciwon shanyewar jijiyoyi ya kama shi, ya koma sai an ɗaga shi an kwantar, kamar dubban mutanen da ke cikin gidajensa. Ya rasu a Cavendish ran 31 ga Yuli, 1992, yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen.

Iyakar labarin ke nan. Allah Ya kiyashe bayinSa daga fitinar yaƙi, Ya zaunar da duniya lafiya, amin.